Laifin Koci Ne

Tun da na dawo daga Landan ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, "To Hajiya Rabi, ya garin?" Na ba da labarin nan a tsakar gida, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a layin asibiti, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta, ni kuma in ji da gwiwata.

Gwiwar ce ma dalilin da aka faɗa wa mutane. An ce yayana Garba, wanda ya daɗe a can yana aiki a kantin magani, ya nemo mini likitan ƙashi. Gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Matarsa Hauwa ce ta kira ni a waya tana kuka. Ta ce babban ɗansu Nasiru, wanda yake jami'a, ya rantse da an gama wasannin bana zai kwashe kayansa ya bar gidan, kuma ba zai sake tako shi ba.

"Goggo, ki zo," in ji ta. "Cewa yake ubansa ba ya ƙaunarsa, ba ya ma son a san shi ya haife shi. Shi kuma Yayanki kin san shi, ko uffan."

Na ce wasan me? Ta ce ƙwallo. Na ce to, ashe ƙwallo ta kai ta raba ɗa da uba. Na fara haɗa kaya.

Hanyar Funtuwa zuwa Abuja ba sai na gaya muku ba, kun san ta, ta san ku. A jirgi kuma aka zaunar da ni kusa da wani Bature mai dogayen ƙafafu. Na gaishe shi, na tambaye shi iyali, ya dube ni kamar na taka shi, ya toshe kunnuwansa. Shi ke nan hirarmu har muka sauka. Abincin da aka kawo a 'yan kwanoni ne, irin wanda ko kyanwa aka zuba wa sai ta yi ƙorafi.

Jami'in da ya duba fasfo ya tambaye ni me na zo yi, na nuna masa gwiwa, ya buga hatimi. A wurin kaya ne aka ci mini mutunci. Mutanen nan kare suka ɗauka aiki, har da 'yar rigarsa. Ya wuce kowa, ya zo gaban akwatina ya zauna yana kallona. Aka ce in buɗe. Kilishin da na sa aka yi wa Yaya da dambun naman da na kwana ina yi, duk suka ɗauke, wai ba a shiga da nama. Sai wata jami'a ta kai hannu kan ƙullin daddawa. Ta kwance leda, ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Na ce miya ake yi da ita. Suka yi shawara, suka ɗaure suka miƙo mini. Ina jin babu wanda ya yarda ta kwana a ofishinsa ne.

A waje na tarar da Yaya, furfura ta gama da shi, ga wani ƙato a bayansa. Rabona da Nasiru tun yana ɗan firamare, yanzu sai na ɗaga kai kafin in ga fuskarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ji daɗi. Yaya bai dube shi ba, ya ce wa iska, "Kai, ɗauki jaka." A jirgin ƙasa ɗaya ya zauna nan, ɗaya can, ni a tsakiya. Na yi wa mutanen tarago sallama, ba wanda ya amsa, sai wata tsohuwa da ta ƙara rungume jakarta. Da muka zo matakalar nan mai tafiya da kanta, na sa ƙafa ɗaya, ta tafi da ita ta bar mini ɗayar. Ba don Nasiru ya cafe ni ta baya ba, da likitan ƙashi ya samu aikin da ya fi gwiwa.

Gidan a unguwar Catford yake, a sama, abin da suke kira flat. Ɗakin girkin bai kai rumbunmu ba. Ɗakin Nasiru aka ba ni, shi ya koma kujerar falo. Ina shiga na ga kwalkwali da sulke a rataye, na ce Hauwa, yaron nan soja ya shiga? Ta ce kayan ƙwallon ke nan. Warinsu kuwa, ni da daddawata muka ji kunya. Da na yi miyar kuka na aika wa maƙwabciyarsu, sai ta biyo ni da kwanon tana tambaya ko da gyaɗa a ciki, ko da madara, ko da alkama, wai jikinta ba ya ɗaukarsu. A garinmu in an kawo maka abinci godiya kake yi, in zai kashe ka ya kashe ka. Likitan ƙashin da ke unguwar Marylebone shi ma bai daɗe da ni ba. Ya murɗa gwiwar, ya ce in rage tuwo in riƙa tafiya. Wannan ai ko a Funtuwa an gaya mini, ba tare da kare ya kunyata ni ba.

Nasiru yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, sai ya ga na ɓata rai ya jefo Hausa kaɗan. Na same shi a ɗakin girki yana auna naman kaza a sikeli, dafaffe fari fat, ba yaji ba gishiri. Na ce ɗana, me ya haɗa ka da ubanka?

"Goggo, tun da nake bai taɓa kiran sunana ba," ya ce. "Kai, ko yaron nan. Ƙannena kuwa yana kiransu, har ya yi musu wasa. In ya zo kallon wasana, can nesa yake tsayawa, ko tafi ba ya yi. Rannan baban wani abokina ya tambaye shi, ɗanka ne mai lamba bakwai? Ina tsaye ina ji. Ya ce, a gidana yake zaune."

Na fashe da dariya, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, na haɗiye ta. Na ce Nasiru, kai ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya nuna nasa ne. Kawaici ne, ba ƙi ba. Shi kansa ubanka ɗan fari ne, har Babanmu ya rasu ban taɓa jin ya ce Garba ba.

"Mama ta gaya mini wannan," in ji shi. "Amma Goggo, ta yaya zan bambance wanda yake ɓoye so da wanda ba shi da shi? Duk iri ɗaya suke a ido."

Na bar shi da sikelinsa. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Na koma kan Yaya. Na ce Yaya, ka kira yaron nan da sunansa ko sau ɗaya ne, ka huta mu huta. Ya sauke jarida ya dube ni.

"Ke daga sauka har kin zama Baturiya? Baba ya taɓa kiran nawa? Mutuwa na yi?"

"Zai bar gida fa."

"Ƙofa a buɗe take," ya ce, ya ɗaga jaridar. Amma na lura a shafi ɗaya ya wuni.

Ranar Asabar da yamma Nasiru ya fita atisaye, sai ga abokin Yaya, Malam Bulus, mutumin Kafanchan, ma'aikacin jinya ne, gajere mai fara'a. Ya shigo da gasasshiyar masara da lemo, suka kunna talabijin. A nan na fara ganin wannan ƙwallon. Ba irin tamu ba ce, ta Amurka ce, kuma 'yan jami'o'in can ne suke bugawa, a filin da zai ɗauke mutanen ƙaramar hukumarmu duka, har da makaɗa. Ƙwallon kamar gwanda take, kuma da hannu ake riƙe ta. Ƙatti za su taru su yi ƙus-ƙus, su jeru su duƙa, su yi karo, su zube, a busa usur, su tashi su sake ƙus-ƙus. Malam Bulus ya yi mini bayani cewa hanya biyu ce ta ci gaba. Ko a miƙa wa mai gudu ya kutsa da ita ta cikin mutane, ko mai jifa ya jefa ta sama wani ya cafe. Koci ne yake tsara wanda za a yi. Ya ce Nasirunmu mai jifa ne a ƙungiyar jami'arsu, wato shi ne kan gaba a yabo, shi ne kan gaba a zagi.

Ba a jima ba mai jifan ƙungiyar da suke goyon baya ya jefa ƙwallo ta faɗa hannun abokan karawa. Malam Bulus ya miƙe tsaye.

"Ka gani ko? Tsarin banza! Kana da ƙatti irin waɗannan a gaba, maimakon ka ba mai gudu ya bi bayansu, kullum jifa, kullum jifa. Kowa ya haddace shi. Kocin nan a kore shi!"

"Zauna, Bulus," in ji Yaya. "Tsari lafiyarsa ƙalau. Aiwatarwa ce babu. An buɗe masa mutum a dama, ya rufe ido ya jefa hagu. Koci ne zai shigo ya riƙe masa hannu? Yaron ne bai iya ba."

"In tsari na da kyau, ko rago ya aiwatar."

"In yaro bai iya ba, ko wane tsari ka ba shi sai ya zubar."

Kafin in ankara sun share tebur. Kofuna suka zama ƙattin gaba, dabino ya zama masu cafewa, cokulan Hauwa suka zama abokan karawa. Kwalbar maganin gwiwata Yaya ya ɗauka ya ce ita ce mai jifa. Na ce a ba ni in sha, lokaci ya yi, ya ce in jira a gama wannan zagayen. Yayana da na sani, wanda ko ƙwallon unguwa bai taɓa tsayawa kallo ba, shi ne yake tura dabino da ɗan yatsa yana kumfar baki. Duk yaron da ya yi kuskure a talabijin sai da Yaya ya wanke shi tas, wannan hannunsa na rawa, wancan ba ya duba gabansa, wancan gara ya koma karatu. Koci kuwa ko sau ɗaya bai taɓa shi ba. Suka rabu kowa na cewa ɗan'uwansa bai san wasa ba, suka yi alkawarin haɗuwa gobe.

Goben ita ce Lahadi, ranar wasan ƙarshe na su Nasiru. Hauwa ta ce ba za ta iya kallon ana danne mata ɗa ba, ta kuma raɗa mini cewa ya riga ya ɗaure akwatunansa. Muka tafi a motar Malam Bulus zuwa wani fili wajen Edmonton, mun ratsa ta shagunan Turkawa, ƙamshin gasasshen nama yana tuna mini da kilishina. Na zaci irin filin talabijin zan gani. Ashe fili ne na taɓo, 'yan kallo iyaye ne da karnukansu, sai wata mota mai sayar da shayi. Ga yayyafi, ga sanyin da ke shiga har cikin haƙori.

Iyayen Turawa kuwa ba kawaici ko na anini. Uba zai daka tsalle yana kiran sunan ɗansa, yana cewa nawa ne, nawa ne. Wata uwa har sumbatar kwalkwali ta yi. Na juya neman Yaya, sai na hango shi can jikin shinge da lema, kamar mai jiran bas.

Nasiru ya yi ƙoƙari, wannan ko ni na gani. In ya jefa ƙwallon sai ta tafi tana juyi kamar an ɗaura mata zare. Sau da yawa ƙatti suka danne shi, ina salati, ya tashi ya karkaɗe. Da aka zo ƙarshe abokan karawa na gabansu da kaɗan, saura dama guda. Suka yi ƙus-ƙus, suka duƙa. Nasiru ya ja da baya da ƙwallo. Can gefen hagu ga wani yaronsu shi kaɗai, yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Nasiru ya ga wani ƙato ya taso masa, ya runtse ido ya jefa dama, ta sauka a ƙirjin abokin karawa. Aka busa usur. Ni da na san wasan jiya jiya, na san laifin wane ne.

Muka taka wurin Yaya. Malam Bulus ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Garba, yau kam na bi ka. Aiwatarwa ce. Ga yaro a buɗe."

"Wace aiwatarwa?" Yaya ya daka masa tsawa. "Tsarin banza ne! Ana ruwa, ƙwallo na santsi, wane mai hankali ne zai ce a yi jifa? Kana da ƙatti a gaba, ba sai ka ba mai gudu ba? Kullum jifa, kullum jifa, kowa ya haddace. Kocin nan a kore shi!"

Na saki baki. Maganar Malam Bulus ce ta jiya, ko wasali bai canza ba. Malam Bulus ya matso kusa da ni yana danne dariya.

"Kin gani ko, Hajiya? Haka muke tun da yaron ya fara wasa. Ranar Asabar 'ya'yan mutane ne ba su iya ba. Ranar Lahadi koci ne bai iya ba. Da can ma bai san ana wannan wasa a duniya ba, ni ya sa na koya masa."

Ban tsaya jin sauran ba. Na manta da gwiwa, na ratsa taɓo, na samu Nasiru zaune a kan benci ya sunkuyar da kai. Na kama shi ta wuyan sulke na ce taso. Na ja shi ta bayan motar shayi, inda za mu ji ba a gan mu ba. A hanya na gaya masa abin da ubansa ya ce jiya game da yaran talabijin, da abin da ya ce yanzu.

Lokacin wani Bature mai jar hula ya shiga musun, yana cewa mai jifa ne ya zubar da wasan, don haka Yaya ya koma Turanci. Ya rufe lemar, ruwa na dukansa, yana zana layuka a taɓo da bakinta. Ya ce mai lamba bakwai an bar shi ba kariya tun farkon wasa. Ya ce an buga masa kafaɗa tun kafin hutu, kocin bai ko lura ba. Ya shiga lissafo jifan da yaron ya yi a wasannin baya, wanda ya yi a garin kaza cikin iska, wanda ya yi ana riƙe da ƙafarsa, har da waɗanda Nasiru ya ce mini daga baya shi kansa ya manta da su. Ya ce duk filin nan babu mai hannu irin nasa, in da kocin kirki ya samu da sai dai a gan shi a talabijin.

Baturen ya yi sororo ya ce, "Ka san shi ne?"

Yaya ya gyara tsayuwa ya ce, "Ina dai ganinsa a unguwa."

Na dubi Nasiru. Ya cusa fuska cikin kwalkwalinsa, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko dariya yake ko kuka, ban kuma tambaya ba.

A mota Yaya na gaba, ni da Nasiru muna baya. Muka yi ta tafiya har muka haye kogin da ya ratsa garin. Sai Nasiru ya gyara murya.

"Baba, ni na yi kuskure. Koci hagu ya ce in jefa. Tsoro na ji."

Yaya bai juyo ba. Ya kafa wa gilashin mota ido ya ce, "Rabi, ki gaya wa yaron nan ba a sa shi cikin maganar manya ba."

Na ce, "Ka ji."

Muka ƙara tafiya. Can sai ya ce, "Ki tambaye shi kafaɗar."

Na ce, "Ya kafaɗar?"

"Da sauƙi," in ji Nasiru.

"Ki ce ya sa mata ƙanƙara in mun isa. Bulus, kunna mana rediyo, motarka shiru kamar makabarta." Ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga, alhali tuni suka bushe.

Akwatunan dai ba su fita ba. Ban ce komai ya gyaru ba, don har na taho Yaya bai fasa "kai" da "yaron nan" ba. Amma Asabar ta gaba Nasiru bai fita ba, ya jawo kujera ya zauna a falo, ya kuma goyi bayan Malam Bulus cewa tsari ne matsala. Yaya ya juyo ya dube shi ido cikin ido ya ce me ka sani a wasan nan? Suka kaure. Na shiga ɗakin girki na tarar da Hauwa tana share hawaye da bakin mayafi. "Goggo, kina ji?" ta ce. "Faɗa suke yi. Da juna suke faɗa!"

Ranar da zan taho Yaya na wurin aiki, Nasiru ne ya raka ni filin jirgi. Ya tura mini kaya har inda ba a barin mai rakiya ya wuce, ya tsaya yana juya hula a hannu.

"Goggo, har yanzu fa bai kira sunana ba."

"Ba zai kira ba," na ce. "Kada ka jira."

"Na sani." Sannan ya ce, "Ni dai in Allah Ya ba ni ɗa, zan kira sunansa har ya gaji da ji."

Na ji ƙwalla ta taho mini, don na tuna Babanmu da Yaya, da duk abin da ba su taɓa ce wa juna ba har ƙasa ta rufe ɗaya. Na kama hannunsa na ce, "Ka kira, ɗana, ka kira da ƙarfi. Amma ranar da ya zubar da wasa a gaban jama'a, ka tabbata kocin ka zaga."